Waƙoƙin Turawa na zamanin kaset: mi munka ji, mi sunka ce?

 

Yau zancen waƙa za mu yi. Ba ta Shata ba, ba ta Narambaɗa ba, ba ta masu goge ba. Zancen waƙoƙin Turawa ne, waɗanda sunka yi tashe daga wajen 1970 zuwa 2000. Kun san su, ko da ba ku san sunansu ba. Kun ji su cikin motar kasuwa, kun ji su shagon tela, kun ji su wurin mai gyaran radiyo. Yanzu kuma ga su sun dawo cikin wayoyin hannu. Dattijon da ya yi lakwal zamanin Kunce, in ya ji guda daga cikinsu, sai shi yi shiru, shi kaɗa kai, shi ce ai waƙa ta ƙare tun can, abin da yara ke saurare yanzu hayaniya ce.

To, in mutum ya kawo hatsi kasuwa ya ce nashi ya fi na kowa, ba a tsayawa musu da shi. Tiya ake ɗaukowa a auna. Bahaushe kuwa shina da tiyarshi ta awon waƙa tun kaka da kakanni. Shina sauraren kiɗa, shina sauraren murya, amma abin da ya fi riƙewa shi ne magana. Da wagga tiya za mu auna waƙoƙin nan.

Bari mu fara da hanyar da sunka biyo har sunka iso Dallol Mawri. Radiyo ce ta fara kawo su. An buɗe gidan radiyon Nijar cikin 1958, ya zama Muryar Sahel cikin 1974. Cikin 1981 anka buɗe wani babban gidan radiyo ƙasar Gabon, ana ce mashi Afirka Lamba Ɗaya, muryarshi na kaiwa har nan, kiɗa shi ne rabin aikinshi. Sai ƴan lakwal da ke dawowa hutun damina daga Doso da Yamai, da wando mai faɗin ƙafa da gashi tuli bisa kai. Sai kuma ƴan biɗa. Saurayi ya yi rani Legas ko Abijan, in za shi dawo gida bai rasa abu biyu: turmin zane na uwa, da radiyo mai kaset da za shi rataya a kafaɗa shi ratsa gari kowa shi gani. Ga iyakar Najeriya kusa, kaset na shigowa daga Kamba da Birnin Kabi da Sakkwato kamar yadda sabulu da kananzir ke shigowa.

Kaset ɗin nan shi ne jakin da ya ɗauko kayan. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi cikin 1963. Faifan garmaho tsada gare shi, kuma rana na lanƙwasa shi. Kaset kuwa araha, shina shiga aljihu, kuma mutum guda in ya saya, abokai goma sun samu, don ana kwafe shi. Waɗanda sunka yi zamanin sun san yadda ake sa bik cikin ramin kaset a juya zare da hannu don kada pil shi ƙare. Sun san shanya pil a rana, wai ko ya ƙara kwana guda.

Yanzu mu auna kiɗa. Nan kam yabon gwani ya zama dole. Mutanen nan sun iya aikinsu. Waƙarsu gajera ce, minti uku ko huɗu, ba ta kai ka gaji ba ta ƙare. Tana da amshi mai sauƙi da ke komowa, ka ji shi sau biyu ya zauna maka a kai har gona. Ku ɗauki ƙungiyar Abba ta ƙasar Suwidin. Kada sunan shi ruɗe ku, ba Abban Hausa ba ne. Mutum huɗu ne, maza biyu mata biyu, anka ɗauki baƙin farko na sunan kowa anka haɗa: A, B, B, A. Sun ci gasar waƙa ta ƙasashen Turai ran 6 ga Afirilu 1974, kwana tara kafin soja su kifar da gomnatin Jori Hamani. Matan biyu suna haɗa murya kamar zare biyu da anka murɗe wuri guda, ba ka iya raba su. Mazan kuma suna iya kwashe kwanaki cikin ɗakin ɗaukar murya bisa waƙa guda, suna ɗora kiɗa bisa kiɗa, kamar maginin da ke ɗora tubali. Shi ya sa har yau waƙoƙinsu ba su yi tsami ba.

Amma akwai abin tambaya. Mi ya sa kiɗan da anka yi Amurka ya shiga jikin ɗan Matankari da ɗan Gesheme nan take, ba tafinta? Amsa ita ce, da yawa cikin kiɗan nan ba baƙo ba ne. Ɗan gida ne da ya yi doguwar tafiya ya dawo da tufafin waje.

Kun san an kwashi miliyoyin baƙaƙen fata daga Afirka zuwa Amurka zamanin cinikin bayi. Ba su tafi da dukiya ba, amma sun tafi da kiɗa cikin kansu. Masana sun nuna cewa abin kiɗan Amurka da ake ce ma banjo, asalinshi dangin gurmi da molo ne na Afirka ta Yamma. Ku saurari Jemis Burawun, baƙar fatar Amurka wanda ya taso cikin talauci har ya yi gogen takalma bakin titi. Shi yi kira, makaɗanshi su amsa. Shi sake kira, su sake amsawa. Ganga na riƙe da wuri guda ba ta gusawa, shi kuma shina yawo bisa kanta. Wanda ya taɓa jin Shata da ƴan amshinshi, ko ya tsaya wurin gangar noma, ya san wanga tsari. Da Jemis Burawun ya zo Legas cikin 1970, da kuma Kinshasa cikin 1974, tarbar ɗan uwa anka yi mashi.

Wani lokaci ma ba gado ba ne, ɗauka ce kai tsaye. Manu Dibango, makaɗin ƙasar Kamaru, ya yi wata waƙa mai suna Soul Makossa cikin 1972, shekarar da ƙasarshi ta karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka. Bayan shekara goma, Maikal Jaksan ya fito da faifanshi mai suna Thriller, wanda har yau babu faifan da ya kai shi kasuwa a duniya, an sayar da fiye da miliyan 60. Ƙarshen waƙar farko ta cikin faifan, sai ga amshin Manu Dibango, ba a gaya mashi ba, ba a rubuta sunanshi ba. Ya kai ƙara. Daga baya anka daidaita, anka biya shi. Mu nan kuwa munka yi ta rawa da amshin, muna cewa kai, Amurkawa da hikima suke. Ashe daga maƙwabta ta fito.

Labarin Boney M ya fi wanga ban mamaki. Babu bal ɗin da anka yi ƙarshen shekarun 1970 ba a sa su ba. Bisa bangon kaset kana ganin baƙaƙe huɗu, mata uku da namiji guda mai rawa kamar ba ƙashi jikinshi. Duka huɗun ƴan tsibiran Karibiyan ne. Amma mai ƙungiyar Bajamushe ne, sunanshi Farank Fariyan. Babbar muryar namiji da kuke ji cikin kaset, ba ta mai rawar ba ce, ta Bajamushen ce. Shi ke rerawa cikin ɗaki, a sa ma wancan shi motsa baki gaban talabijin. Guda cikin matan ma ba a jin muryarta cikin faifan. Ku duba fa. A ce an kira makaɗi wurin biki Kore Mairuwa, ya tsaya tsakar fili shina buɗa baki, ashe wani ne bayan zana ke waƙar. In asiri ya tonu, da wane ido za shi sake shiga garin? Fariyan bai daddara ba. Ya sake yin haka da wasu samari biyu da ake ce ma Milli Vanilli, har sunka ci babbar kyautar waƙa ta Amurka, asiri ya tonu cikin 1990 anka karɓe ta. Kuma waƙar Boney M mai suna Ma Baker, ta 1977, karinta na wata tsohuwar waƙar Larabawan Tunisiya ne mai suna Sidi Mansur.

Ban ce kiɗan Boney M ba shi da daɗi ba. Shina da shi. Amma daɗin alewa ne. Bisa awon murya, ni ban ba su cikakkiyar tiya ba, don murya amana ce, mai ita ya kamata a gani.

Sai magana. Nan gizo ke saƙa.

Mu a wurinmu, waƙa magana ce. Ana riƙe Narambaɗa don zurfin Hausarshi. Ana jin tsoron Shata don zambo. Ana son Ɗan Maraya don ya faɗi halin ɗan talaka. In makaɗi ya yi habaici, sai a kwana ana fassara shi bakin kasuwa. Amma waƙoƙin Turawan nan, galibi da Ingilishi anka yi su. Ɗan lakwal na Nijar Faransanci ya koya, Ingilishinshi bai wuce gaisuwa ba. Manomi kuwa ko gaisuwar babu. Ke nan shekara talatin ana rawa da magana, ba a san abin da ta ce ba. To, bari in buɗe maku kaɗan daga ciki.

Waƙar Maikal Jaksan mai suna Billie Jean, wadda samari sunka karya ƙafa wajen koyon rawarta, labarin mutum ne da wata mace ta ce shi ne uban ɗanta, shi kuwa shina rantsuwa ba nashi ba ne. Shari'a ce irin wadda ake kaiwa gaban alƙali a rufe ƙofa. Da ita ake buɗe fili ranar biki. Abba kuma suna da wata waƙa mai sanyi ta 1980, wadda saurayi ke jira a sa don shi gayyaci budurwa rawa. Waƙar sakin aure ce. Abin tausayi ma, mijin da matar duka suna cikin ƙungiyar, aurensu ya mutu, shi ya rubuta kalmomin, ita ya ba ta rera. In kun sake jin ta, ku kasa kunne ga muryar matar. Ko ba ka jin harshen, ka san ba murna take ba. Wagga kam waƙa ce ta gaske, ta cika tiya har ta zuba.

Akwai wadda ta fi taɓa ni. Rivers of Babylon, wato kogunan Babila, wadda Boney M sunka rera cikin 1978. Ba su sunka fara ta ba, wasu mawaƙan Jamaika ne sunka yi ta cikin 1970, kalmominta kuwa daga Zabura anka ɗauko su. Zancen mutane ne da anka kwashe daga ƙasarsu, suna zaune bakin kogin wata ƙasa suna kukan gida, waɗanda sunka kama su kuma suna cewa su yi masu waƙa. Ku tuna da wanda ya kawo kaset ɗin. Ɗan biɗa ne, wanda ya yi dako tashar Legas, ya kwana bakin shagon wani, shina ƙidayar watannin da sunka rage shi ga uwarshi. An kori baƙi daga Najeriya cikin 1983, an sake kora cikin 1985. Labarinshi ne waƙar ke faɗi, shina ɗauke da ita a kafaɗa, bai sani ba.

Da waƙoƙin Faransanci abin ya ɗan fi sauƙi, don akwai masu ji. Selin Diyon, ƴar ƙasar Kanada, ta fito da wani faifai cikin 1995 wanda babu faifan Faransanci da ya kai shi kasuwa. Babbar waƙar ciki, mace ce namiji ya juya ma baya. Tana lissafin abin da za ta yi don shi sake son ta: za ta sake kama, za ta sake hali, kai har asirin malaman tsibbu na Afirka ta ce za ta biɗo. Ƴan uwa mata, kun ji fa. Baturiya ma in ta ƙure, hanyar da kunka sani ita take tunani. Wanda ya rubuta waƙar ya san zuciyar mace, kuma ya faɗe ta ba kwana-kwana. Bayan shekara biyu ta rera waƙar fim ɗin Titanic, jirgin ruwan da ya nutse cikin 1912. Muryar ta kai, ba musu. Amma maganar ciki ruwa-ruwa ce, irin kunun da anka tsawaita don baƙi sun yi yawa.

Yanzu ga inda nike son mu daɗe. Cikin waƙoƙin nan akwai waɗanda sunka yi zancenmu, mu mutanen Afirka. Su ya fi kamata mu auna da kyau, don mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba mashi.

Wata ƙungiyar Amurka mai suna Toto ta yi waƙa cikin 1982, sunanta Africa. Har yau tana cikin tsofaffin waƙoƙin da duniya ta fi saurare. Kiɗanta na da taushi, amshinta na ɗaga rai. Amma wanda ya rubuta ta ya faɗi da bakinshi cewa lokacin bai taɓa taka Afirka ba, cikin talabijin ya gan ta. Shi ya sa ba ka jin mutum ko guda na Afirka mai suna da gari cikin waƙar. Akwai ganguna da dare, akwai namun daji, akwai ruwan sama. Ya ɗauko dutsen Kilimanjaro ya aje shi bisa dajin Sarangeti, alhali tsakaninsu tafiya ce ta ɗaruruwan kilomita. Kamar mawaƙi ne shi ce ya tsaya bisa dutsen Dogon Dutsi shina kallon raƙuman dawa na Kure suna kiwo. Kowa ya san ƙasar sai shi yi dariya. Makaɗin fada ba shi yi ma sarki waƙa sai ya san sunan ubanshi da kakanshi da garuruwan da ya mallaka. Wanga kuwa ya yi ma nahiya guda waƙa bai san kowa cikinta ba.

Sai shekarar 1984. Tsofaffinmu ba su buƙatar a tuna masu. Damina ta ƙi, rumbu ya zama wofi, bisashe sunka faɗi. Ga shi cikin Afirilu na shekarar gomnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Mu da ke bakin iyaka, hanyar da hatsi da garin rogo ke shigowa ta toshe. Shi ya sa mutanen Nijar sunka sa ma yunwar suna El-Buhari. Wagga shekara yunwa ta fi tsanani ƙasar Habasha, inda ta haɗu da yaƙi. Cikin Oktoba talabijin ɗin BBC ya nuna hotunan mutane na mutuwa, hankalin Turai ya tashi.

Mawaƙan Ingila sunka taru ran 25 ga Nuwamba 1984, sunka yi waƙa don a sayar a tara kuɗin taimako. Ana ce ma taron Band Aid. An tara kuɗi masu yawa, an sayi abinci, an ceci rayuka. Wanda ya taɓa tsayawa layin rabon hatsi ba za shi raina buhu ba, ko daga ina ya fito. Amma maganar waƙar fa? Ta kwatanta Afirka duka kamar fili guda ƙonanne, ba ruwan sama, ba kogi, ba tsiro. Alhali daga Habashar nan babban reshen kogin Nil ke fitowa. Mu ma ga Kwara ta ratsa ƙasarmu, ga fadamun Dallol inda ruwa ke kusa, ana noman rake da rogo da kayan lambu. Kuma kan waƙar tambaya ce, wai ko mutanen sun san lokacin Kirsimati ya yi. Habasha kuwa ta karɓi addinin Kirista fiye da shekara 1600 da sunka wuce, tun kafin kakannin Ingilishi su karɓe shi. Hannu ya ba da sadaka, baki ya yi ɓaranɓarama.

Amurkawa sunka yi tasu ran 28 ga Janairu 1985. Mawaƙa fiye da 40 cikin dare guda. Maikal Jaksan da Layonel Rici sunka rubuta ta, sunanta We Are the World, wato mu ne duniya. Ta tara fiye da dala miliyan 60, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Ita ta fi ta Ingila ladabi, don ba ta zagi ƙasar kowa ba. Sai dai in ka bi maganarta daga farko har ƙarshe, zancen masu bayarwa take, da kyawun halinsu. Wanda ake ba bai fito ba. A daren ma wani cikinsu ya ce a sa ɗan baiti da harshen Suwahili, sai anka tuna mashi cewa mutanen Habasha ba Suwahili suke ji ba, anka bar zancen.

Abin da ba a cika faɗi ba, mawaƙan Afirka ma sun yi tasu. Manu Dibango ya tara su birnin Paris, da su Salif Keita na Mali da Mori Kante na Gine, sunka yi waƙar taimakon Habasha da harsunan Afirka, ta fito cikin 1985. Ku tambayi masu kewar tsofaffin waƙoƙi, mutum nawa ke da ita cikin wayarshi.

To, in haka ne, mi ke sa dattijon nan shi yi shiru in ya ji su? Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A ganina rabin abin da yake ji ba cikin kaset yake ba, cikin ƙirjinshi yake. Shina jin shekarunshi ashirin. Shina jin lokacin kuɗin iraniyom na ƙarshen shekarun 1970, sa'ad da ɗan kolej ke cin abincin gomnati, in ya gama kuma aiki na jiran shi. Shina jin sefa kafin a karya darajarta cikin Janairu 1994. Shina jin abokan da sunka riga mu gidan gaskiya. Wanga ba abin dariya ba ne, kuma ba mai hana shi. Amma a bambanta daɗin waƙa da daɗin ƙuruciya. Ko kukan jaki ka ji daren da anka kawo maka amarya, in ka sake jin shi bayan shekara arba'in sai ranka shi yi sanyi.

Kuma a tambaya, jiyan wa ake kewa? Bal na ƴan lakwal ne da ma'aikata, cikin gida mai katanga da lantarki ko injin. Ƴan ƙauye daga bayan katanga sunka ji. Yarinyar da ke Dankasari ko Dumega cikin 1978 ba ta san Abba ba. Tana da waƙar daka, tana da waƙar gaɗa da farin wata, tana da kalangun biki. Yau in tana cikin masu karanta wagga takarda, kada wani shi sa ta ji kamar zamani ya wuce ta bar shi. Ita ma tana da tsofaffin waƙoƙin da in ta tuna sai idonta shi kawo ruwa. Bambancin kawai, nata ba su cikin waya.

Akwai ƴan Nijar da sunka saurari kiɗan Turawa da kunnen ma'aikaci, ba na mai kewa ba. Bombino, Buzu ɗan Agadas, ya koyi gita zaman gudun hijira Aljeriya da Libiya, shina kallon bidiyon Jimi Hendiris da ƙungiyar Dire Straits. Bai tsaya kwaikwayo ba, ya zuba ma gitar harshen Tamashek da karin hamada. Ƙarshen 2018 sunanshi ya shiga cikin masu takarar kyautar Grammy, shi ne ɗan Nijar na farko. Mdu Moktar, ɗan jihar Tawa, Sakkwato ya tafi ya ɗauki faifanshi na farko cikin 2008, waƙoƙin sunka bazu daga waya zuwa waya. Cikin 2015 ya fito cikin wani fim da anka yi Agadas, wanda anka gina bisa fim ɗin mawaƙin Amurka Firins na 1984. Yau Turawa ke sayen tikiti su ji shi. Kiɗan ya sake juyawa ya koma inda ya fito, karo na biyu.

Abu guda kuma dole mu sara ma Turawa. Waƙoƙinsu na dawowa ne don an aje su. Kowace guda an rubuta sunan mai ita, da shekara, da wurin da anka ɗauke ta. Asalin zaren shina cikin ɗaki mai sanyi, ana gyara shi, ana sake sayarwa, jikoki na cin kuɗin. Mu fa? Cikin shekarun nan guda Nijar ba ta yi barci ba. An fara bikin matasa na ƙasa Damagaram cikin 1976, samariyar kowace jiha na zuwa da sababbin waƙoƙi da raye-raye. An kafa gasar Ɗan Gurmu a Tawa cikin 1987 don kiɗan zamani. Ga makaɗan kokowa, ga masu gurmi, ga zabiyoyin da anka ɗauka bisa kaset wurin biki. Yaro mai waya yau ya fi saurin samun waƙar Suwidin ta 1974 bisa waƙar da gwaggonshi ta rera ma samariyar garinsu cikin 1984.

Ku ji labarin Mamman Sani. Cikin 1978 ya ɗauki kiɗanshi gidan radiyon ƙasa, da wani molon lantarki mai maɓallai. Shekara da shekaru ana sa kiɗan tsakanin shirye-shiryen radiyo da talabijin, duk Nijar ta san shi, ƴan kaɗan sunka san mai shi. Kaset kaɗan anka buga. Sai bayan fiye da shekara 30 wani Ba'amurke mai biɗar tsofaffin kiɗe-kiɗe ya ci karo da guda cikin wani ɗakin ajiya a Yamai, ya nemi mai shi, anka sake buga faifan cikin 2013. Daga nan Mamman Sani ya fara zuwa Turai wasa, da furfurarshi. Kaset ɗin nan ya tsira daga ƙura da zafi.

Irin wanga kaset akwai shi cikin akwatuna da yawa na Arewa, ƙarƙashin tsofaffin takardun haraji, Kyeshe ko Dogon Kirya ko Tibiri. Wani an rubuta suna bisa bayanshi da bik, wani ba a rubuta komi ba, sai tsohuwar gidan kaɗai ta san muryar wa ke ciki da bikin wa anka yi. Zaren kaset ba shi son rana, ba shi son raɓa, kuma kowace bazara tana rage mashi murya. In akwai radiyo mai kaset da ke aiki cikin gari, a aje waya kusa da shi cikin ɗaki mai shiru, a danna wurin ɗaukar murya. Kaset mai lamba 60 bisa bayanshi, minti 30 ne kowane gefe.